Zanar Da Ta Tare Allo

Shafi na 19

Na Ya'u Unguwar Tudu

Assalamu alaikum. Masu zagina saboda shirun da na yi, na gani, na kuma yafe. Kaya na raka Kano, waya ta mutu a hanya. Ga shi nan, ku karanta ku bar ni in sha ruwa.

Ga waɗanda suka same mu a tsakiya: muna cikin shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da Shari'a, a wata ƙaramar sakandare da ke wani ƙauye tsakanin Garo da Gwarzo. Ba halin gina wa 'yan mata ajinsu daban, sai kwamitin iyaye ya raba aji uku da zana, maza gefe, mata gefe. Badi'a 'yar Malam Dabo mai saƙar zana, wadda a da ba a shan gabanta a lissafi, yanzu tana can kusa da na ƙarshe. Jiya ta je da ƙafarta ta ce wa Hedimasta ya cire sunanta daga cikin masu rubuta jarrabawar shiga makarantar kimiyya. Yau da hantsi zai kai sunayen ofishin ilimi a Kabo. Uwarta, Inna Marka mai ƙosai, ba ta ji labarin ba sai da safen nan.

*

"Inna, ki sakar min hannu, mutane na kallonmu."

"Su kalla. Ai ba tsirara na fito ba."

Marka ko hannu ba ta tsaya wankewa ba, ƙullun ƙosai ya bushe mata a yatsu. Mayafinta a karkace, tana jan Badi'a kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa."

"Wa ya ce ki je ki cire sunanki?"

"Ni na ga ba zan iya ba."

"Ba za ki iya ba! Bara war haka wa ya shigo min gida da kyautar bokiti da sabulu? Aljana ce?"

"Da ne, Inna. Da lissafin yara ne. Yanzu an shiga na gaske, kaina ba ya ɗauka."

"Kan naki ruɓewa ya yi a damina ɗaya?"

"Duk mu matan haka muke. Ƙawata Kamila ma ta fi ni faɗuwa. An ce dama in mace ta fara girma kanta toshewa yake."

Marka ta ja birki a tsakiyar hanya.

"Wa ya ce?"

"Kowa ma."

"Kowa ɗan gidan uban wa ne? Nuna min gidansu!"

Badi'a ta sunkuyar da kai. Marka ta ja tsaki, ta ci gaba da janta.

A gindin darbejiyar makaranta suka tarar da Hedimasta, Malam Ja'afar, yana goge babur ɗinsa. Jakar takardu na ɗaure a baya da roba.

"A'a, Inna Marka. Barka da hantsi. Ina kwana? Ina gajiya? Ya kasuwa, ya yara?"

"Lafiya, lafiya, da godiya. Hedimasta, sunan yarinyar nan."

"To, ai ita ta zo da kanta."

"Ita ta sa kanta a makarantar, da za ta cire?"

Ya yarfe tsumman, ya gyara hula.

"Inna, gurbi kaɗan aka ba mu. Makin da ta ci zangon nan, wallahi ina jin nauyin faɗa a gabanki. In na kai ta ta faɗi, ta toshe wa ɗan wani hanya a banza. Kuma..." Ya rage murya. "Kin san abin da ya faru kwanakin baya. Yarinya in hankalinta ya rabu biyu, karatu ba ya zama."



Marka ta sani mana. Waye bai sani ba a garin? Farkon zango aka kama Badi'a ta huda zanar da biro, ta kafa ido tana leƙen ɓangaren maza. A taron safe aka fito da ita aka yi mata bulala a gaban makaranta duka. Kafin azahar magana ta kai bakin rijiya. Marka da kanta ta ƙara mata da tsumagiya a gida. Malam Dabo kuwa don kunya bai fita majalisa ba, sai da ya saƙa wata zanar ya kai ya ruɓanya ta farko.

"Ina malamin lissafin?" in ji Marka. "Shi nake so in gani."

"Yana aji. Ki ɗan jira a tashi tara."

"In jira ka tafi Kabo? Ka ga na yi kama da wadda aka haifa jiya?"

Ta nufi ajin kai tsaye. Hedimasta ya biyo ta da gudu-gudu.

"Ba ta nan ba! Inna, ba ta nan ba! Nan ƙofar maza ce. Mata ta baya suke shiga."

"Oho. To, muje ta bayan."

Ƙofar mata ba ƙofa ba ce. Taga ce aka fasa ƙasanta. Sai da Marka ta duƙa sannan ta shige. Ciki duhu-duhu, ɗan lungu ne siriri, bencina a jere ɗaya bayan ɗaya kamar kujerun motar haya. Hagu zana, dama bango. 'Yan matan suka miƙe da sauri.

"Ina kwana, Inna."

"Ku zauna. Ke, ina wurinki?"

Badi'a ta nuna bencin gaba, jikin zana. Marka ta zauna daram a wurin, ta bar ta a tsaye.

Daga ɗaya gefen muryar Ticha Shadrak ke tashi, malamin lissafi, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a makarantar har Hausarsa ta kusa zama ta Kano. Bai san an yi baƙuwa ba.

"To, ku duba nan da kyau. Wannan, kun gan shi? Sai mu ɗauko shi mu kawo nan. In ya zo nan, shi da wannan sun tafi. Saura wannan da wancan. Ku duba fa, nan ne mutane ke ɓata. Kun gane?"

"Mun gane!" Maza suka amsa har kwano ya ɗauka.

"Mun gane," 'yan matan suka biyo a hankali, kamar masu amsa gaisuwar mutuwa.

Marka ta ɗaga kai ta duba gabanta. Bango. Sai wani ɗan baƙi a gefe, faɗinsa bai wuce faifai ba.

Sai ga hannu ya ɓullo daga bayan zana riƙe da alli. Ya rubuta lamba ɗaya a kan ɗan baƙin, ya ja mata layi biyu a ƙasa, ya ɓace.

Nan da nan 'yan matan suka duƙa suna rubutawa.

Marka ta taɓa ta kusa da ita, Kamila ƙawar Badi'a.

"Ke, me kuka rubuta?"

"Amsa, Inna."

"Amsar me?"

Kamila ta kalli littafinta.

"Ina tambayar take?"

"Tana can." Ta nuna zana da baki.

"Ina allon?"

"Shi ne wannan."

"Wannan ɗan ɓallin?"

"Sauran yana wajen maza."

Marka ta juya ta kalle su ɗaya bayan ɗaya.

"Na ji kun ce kun gane. Me kuka gane?"

Can wata daga baya ta ce, "In ba mu ce ba, maza dariya suke mana. Su ce kan kifi."

"Tun yaushe kuke haka?"

"Tun da aka kafa ta."

Marka ta juya ga zanar. Aikin mijinta ne, ta san hannunsa ko a duhu. Saƙa ce mai kyau, matsattsiya. Daidai kafaɗarta, ɗan gaba da benci, ta ga wata 'yar huda da tawadar biro a bakinta. Sabuwar zanar ta toshe ta daga can gefen.

Ta zura yatsa. Ta danna da ƙarfi har ciyawar ta buɗe. Ta ƙara yatsa na biyu ta yage. Sannan ta kafa ido.

Allo.

Allo cike da rubutu daga sama har ƙasa, layi bayan layi. Sai ƙeyar Ticha.

Ta karkata hagu. Allo. Ta karkata dama. Allo. Ta miƙe kaɗan, ta duƙa, ta murɗa wuya iya murɗawa. Hudar ta wuce bencin farko na maza. Ko kunnen namiji ɗaya ba a hange.

Ta daɗe a haka. Da ta ɗago, muryarta ta sauya.

"Badi'a."

"Na'am, Inna."

"Ranar nan, me kike leƙe?"

Badi'a ta kalli ƙasa.

"Da ke nake."

"Allo, Inna."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa." Hawaye suka zubo mata. "Na faɗa wa Hedimasta, ya ce ƙarya nake, duk mai laifi da abin da zai ce. Na faɗa miki kina dukana, kika ce in rufe miki baki."

Marka ta kalli hannunta, hannun da ya riƙe tsumagiyar.

Sai ta ɗaga shi ta maka wa zanar. Ƙura ta tashi.

"Ticha! Ticha Shadrak!"



"Wace ce?"

"Marka ce, uwar Badi'a. Zagayo nan!"

"Sannu da zuwa, Mama. Ina kwana? Ba zan iya zagayowa ba. An hana ni shiga nan gefen. Tun da aka kafa ta ban taɓa taka wurin ba."

"To tsaya nan ka ji. Ka san abin da yaran nan ke gani?"



"Na sani, Mama."

"Ka sani!"

"Na sani."

"Ka sani kake tsayawa kana cewa wannan ya zo nan, wancan ya tafi can? Wanne? Ina? Ni da girmana na zauna nan, wallahi ji na yi kamar ana kwatanta wa makaho hanyar Gwarzo da yatsa!"

Wasu maza suka tuntsire da dariya.

"Ku yi min shiru, 'yan banza! Ku da aka zuba muku a baki, me kuka fi su da shi? Duwawun zama a gefen da ya dace?"

Dariyar ta mutu.

"Mama," in ji Ticha, "ki ji ni. Na yi magana. Na ce a matso da ita tsakiya, aka ce maza sun fi yawa, ina za a zuba su. Na ce to a rage ta daga gaba ko kamu biyu ne, aka ce sai kwamiti ya zauna. Har yau suna zama. Da na ce zan riƙa tsayawa da 'yan matan in an tashi, sai wani dattijo ya dube ni ya ce, Ticha, wai Shari'ar ce ba ka so?"

Ya ci gaba da ƙaramar murya.

"Mama, sunana Shadrak. Matata da yarana suna gidan haya a Gwarzo. Kin san rikicin da aka yi a Kaduna bara. Sai na ja bakina. Shi ya sa nake miƙa hannu in rubuta musu amsa a ƙarshen allo, ko ba komai su ga wani abu."

"Ko ba komai! Ka nuna wa mai ƙishirwa ruwa a ƙasan rijiya ka ɓoye guga, ka ce ko ba komai? Kuma da bakinka kake tambaya ko sun gane?"

"Wannan da laifina."

"Ranar da aka dake ta kana ina?"

Marka ta sake bugun zanar.

"Kana ina, Ticha?"

"Ina tsaye."

Inuwa ta tare ƙofar baya. Hedimasta ne ya leƙo, bai shigo ba.

"Inna Marka, haba. Kina tayar mana da makaranta."

"Yawwa, gara da ka zo. Shigo ka zauna nan."

"Subhanallahi. In shiga cikin 'yan mata?"

"Shiga ce ba ka iya ba? Dukansu dai ka iya."

"Inna!"

"Ka taɓa zama a bencin nan? Ka taɓa sa ido a hudar nan kafin ka ɗaga bulala?"

"Ba aikina ba ne leƙe."

"Aikinka mene ne?"

Hedimasta ya share gumi da bayan hannu.

"Ki ji, baiwar Allah. Zanar nan ta kwamiti ce, ba tawa ba. Ni ko albashina rabona da shi na manta. Allin da ake rubutu da shi daga aljihuna yake fita. Ajin da aka ce za a gina, ga tulin yashinsa can awaki na barci a kai. Ni kaɗai zan ja da mutanen gari a kan maganar addini?"

"Kada ka raɓa wa addini! Ranar da aka ƙaddamar da Shari'a ni na fi kowa guɗa a unguwarmu, har muryata ta dishe. A raba maza da mata, na yarda, a raba. Amma a wane littafi aka ce a tare wa yara allo? Ko a filin Idi mata na baya, amma ba a ɗaure musu ido!"

'Yan matan suka fara ɗago kai. Kamila har da gyara zama.

"Yanzu dai," in ji Marka, "kwance jakar nan ka mayar da sunanta."

"Ba ni na cire don kaina ba. Ga ta nan. In ta ce a sa, yanzu zan sa, ga biro a aljihuna. Ke Badi'a, in sa?"

Duk ido ya koma kanta. Marka har ta fara murmushin nasara.

Badi'a ta girgiza kai.

"A'a."

"Me kika ce?"

"Inna, ki bari. Don Allah ki bari."

"Ba ki ji abin da ake faɗa ba? Ba kanki ba ne! Zana ce! Ciyawa ce, 'yar nan, ciyawa!"

"Ko an cire ta ba zan iya ba. Maza sun yi nisa. Ni yanzu in na ji an ce lissafi tsoro ke kama ni. In na je can na faɗi, a ce ga mai leƙen maza ta dawo. Gara in zauna."

"Badi'a..."

"Da ina da kan, ai da na gane ko da kunne. Maza ba sa kuka a kansa. Ni ce dai jaka."

Jama'a, nan ne raina ya fi ɓaci. Zana ko yaro ya samu wuƙa zai kwance ta kafin ruwan shayi ya tafasa. Amma wadda aka saƙa a cikin kan yarinyar nan, wa zai kwance? An tare mata ido, an dake ta don ta nemi gani, sannan an zauna ana kaɗa kai ana cewa dama mata ba su da kan lissafi. Har ita ma ta karɓa ta haddace.

Marka ta kamo ta ta rungume, ƙullun hannunta na goguwa a farin hijabin.

"Ba jaka na haifa ba. Kin ji? Jakunan suna waje da huluna."

"Marka!"

Muryar ta fito daga bayan Hedimasta. 'Yan matan suka sha jinin jikinsu.

Malam Dabo ne. Wani ya kai masa labari matarsa na dambe a makaranta. Ya taso daga wurin aiki, ƙaiƙayin gamba a rigarsa, wuƙar saƙa a ƙugu. Bayansa ga Alhaji Mijinyawa shugaban kwamitin iyaye da carbinsa, ga 'yan kallo sun fara taruwa.

"Fito."

"Malam, sannu da zuwa. Shigo ka ga aikinka."

"Na ce ki fito."

"Zan fito. Amma ka fara shigowa ka zauna inda 'yarka ke zama."

"Aikina na san shi. Fisabilillahi na yi shi, ko sisi ban karɓa ba. Duk ƙasar Kabo a nuna min zanar da ta kai ta. Ko allura ba ta wucewa."

"Ai kuwa ba ta wuce ba. Karatu ma bai wuce ba."

Wani a cikin 'yan kallo ya yi dariya, ya mayar da ita tari.

"Malam," Marka ta sassauta murya, "yarinyar nan ba maza take leƙe ba. Allo take leƙe. Mun zalunce ta a banza, ni da kai da su."

"Ita ta gaya miki?"

"Idona ya gaya min. Ga hudar nan, zo ka sa naka. In ka ga ko hular namiji, na yarda ka yi min duk abin da ka ga dama."

Dabo ya kalli 'yarsa. Ta kawar da kai. Ya kalli ɗan baƙin da ke jikin bango, ya ƙura masa ido kamar yau ya fara ganin allo. Ƙafarsa ɗaya ta ɗaga, kamar zai duƙa ya shigo.

Sai Alhaji Mijinyawa ya yi gyaran murya.

"Ikon Allah. Malam Dabo, yau kuma abin da dattawa suka ƙulla, mace ce za ta warware? A gaban yara? To, mu dai 'yan kallo ne. Kowa da yadda yake tafiyar da gidansa."

Ƙafar Dabo ta koma inda ta fito.

"Alhaji," in ji Marka, "'yarka Asiya ga ta can a bencin baya. Ita ko ɓallin ma ba ta gani."

"Asiya ba likita za ta zama ba. In ta iya karatun sallah ta iya auna hatsi, ya ishe ta."

"Tawa za ta zama!"

"Marka!" Dabo ya daka tsawa har jijiyar wuyansa ta miƙe. Idon mutane na kansa, ya san suna kansa. "Ya isa! Wallahi tallahi, cikin ku biyun nan, duk wadda ta ƙara taɓa zanar nan, ko ta taka ɓangaren maza, kada ta kwana min a gida. Na rantse!"

"Innalillahi," wata tsohuwa ta faɗa daga waje.

Hannun Marka na kan zanar. Ta kalli mijinta. Ta kalli hannun. A hankali ta janye shi, ta sa a cikin mayafi.

"Ka rantse a kan ciyawa, Malam."

"Na dai rantse."

"Allah ya ba mu lafiya," in ji Alhaji, yana jan carbi.

Hedimasta ya ɗaga kai ya dubi rana.

"To, jama'a, ni zan kama hanya kafin a tashi daga ofis. A yi haƙuri da juna."

Ya nufi darbejiya. Aka ji yana buga babur, yana ƙi, yana ƙara bugawa.

Daga can gefen Ticha Shadrak ya yi magana, muryar kamar ba tasa ba.

"To... mu ci gaba. Kun gama kwafa? Bari in goge."

Aka ji yana kakkaɓe tsumma a jikin bango.

Badi'a na tsaye inda uwarta ta sake ta. Hudar da Marka ta yage ta zauna a buɗe, ta kai girman ƙwai. Ba ta matsa ba, ba ta taɓa komai ba. Daga inda take, layi biyu na rubutun suka faɗo mata a ido.

Ta daina kuka.

Ta karkata kai. Leɓɓanta suka fara motsi.

Sai ta juya, ta duƙa ta fice ta ƙofar baya. Ta wuce ubanta, ta wuce Alhaji.

"Yawwa," in ji Alhaji. "Yarinyar ta fi uwar hankali. Wuce gida, 'yata."

Ba gida ta nufa ba. Ta bi jikin bango ta sha kwana.

"Ke!" Marka ta fito da sauri har ta bugi goshi. "Badi'a, ina za ki?"

Babur ya kama. Hedimasta ya hau, ya hango Badi'a tana tahowa ta gaban ajin.

"Ke Badi'a! Ta ƙarshe ke nan, in na wuce na wuce. In sa ko in bari?"

Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ta isa ƙofar maza. Ta ɗora ƙafa a dokin ƙofa. Ta ɗora ta biyu a ciki.

Maza suka juyo gaba ɗaya. Wani ya fara fito, na kusa da shi ya toshe masa baki.

Ga allon, duka, daga wannan bango zuwa wancan. Ticha ya riga ya ɗora tsumma a kan layin farko.

"Ticha, kar ka goge!"

Ya tsaya cak. Muryar ta fita har gindin darbejiya. Hedimasta ya sassauta hannu daga totur.

Badi'a ta miƙa yatsa ga allo.

"Layi na biyu haruffa biyu ne. Na uku saura ɗaya. Ina ɗayan ya tafi? Me ka yi masa?"

Ticha ya buɗe baki zai amsa. Sai idonsa ya wuce ta, ya tsaya a kan wani abu a bayanta. Tsumman ya suɓuce daga hannunsa.

Ta ji ƙamshin gamba.

Hannun ubanta mai kaushi ya sauka a kafaɗarta.

"Badi'a."